Takobin da Ya Yi Shiru

Takubban da nake gyarawa ba su taɓa yanka ko albasa ba. Wannan nake fara gaya wa duk wanda ya leƙo shagona, ya ga bango cike da su, ya ja da baya yana salati. Na kwaikwayo ne, irin waɗanda ake riƙewa a fim da wasan dandamali, da kuma kwafinsu da masu sha'awa ke saya su rataye a falo su hana 'ya'yansu taɓawa. Wasu na alminiyam ne, wasu katako ne aka shafa wa fenti, wasu kuwa roba ce zalla. Shekara ashirin da biyu ke nan ina wannan aiki, amma har yau in aka tambayi surukata sana'ar mijin 'yarta sai ta ce kafinta ne.

Masu tara irin waɗannan takubba mutane ne masu ban dariya. Za ka ga ƙato da gemu da furfura ya shigo rungume da takobin roba a cikin tawul, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri, wai fentin bakin kube ya ɗan ɓare. Ba na yi musu dariya sai sun fita. Ni ma ai ina da tawa cutar. Duk takobin da na gama gyarawa sai na ɗaga shi kusa da kunnena na girgiza sau uku. In na ji ko motsin ƙwayar yashi ne a ciki, to aiki bai ƙare ba, sai na sake kwancewa. Takobin da ya fita daga hannuna ba ya ƙara, kuma da wannan nake tinƙaho a gaban kowa.

Akwai wani gwangwanin madara a gefen teburina. Duk abin da na tsinta a cikin mariƙin takobi, tsohon noti ne, guntun ƙusa ne, tsakuwa ce, nan nake jefa shi. Tela maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ya mayar da gwangwanin nan rumbunsa. Ba sallama ba neman izini, sai dai in ga hannu ya shigo ya lalube abin da yake so ya fita. Janar yake ce min, wai ni ne kwamandan rundunar da ba ta da soja ko ɗaya.

Ranar wata Talata da hantsi wata mata ta shigo da takobi a cikin rigar filo. Za ta kai shekara arba'in, akwai farin alli a gefen hannunta, shi ya sa tun kafin ta faɗa na gane malamar makaranta ce. Muka gaisa, ta zare takobin ta ajiye a kan tebur.

Na dube shi sau ɗaya raina ya ɓaci. Tsohon takobin dandamali ne, aikin hannu, ruwansa alminiyam, mariƙinsa naɗe da fata. Amma an goge shi tas, yana ƙyalli kamar sabon cokali, ga zanen soson ƙarfe nan tun daga tushe har tsini.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?" na ce.

"Ni ce, Malam. Na ga ya yi tsatsa, shi ne na jiƙa shi a ruwan sabulu na kwana ɗaya, na goge."

"Tsatsa? Malama, alminiyam ne fa! Yaushe alminiyam ya fara tsatsa? Fenti ne. Wani bawan Allah ne ya zauna da soso da buroshi ya yi kwanaki yana ɗora wannan tsatsar da gangan, don in fitilar dandamali ta haska shi a ga kamar ya sha yaƙi. Ke kuma kika zo kika wanke shi kamar tukunya."

Ina cikin faɗa ban lura ba, ashe hawaye take yi. Ba ta yi ƙara ba, ta dai tsaya tana murza bakin rigar filon, hawayen na sauka. Kunya ta kama ni. Matata ta sha gaya min bakina ya fi takubbana kaifi, kuma ranar na yarda da ita. Na jawo kujera na ce ta zauna, na buga katanga na ce Tela ya miƙo ruwan sanyi.

Da ta natsa sai ta ba ni labari. Takobin na mahaifinta ne. Shekara goma sha tara ya yi a wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma a wasansu mafi farin jini shi ne mai gadin ƙofa. Maganarsa ɗaya ce tak a duk wasan: ya tare hanya da takobi ya ce, "Tsaya! Wa ke nan?" Da ƙungiyar ta watse sai aka bar masa takobin. Yanzu ya tsufa, idonsa ba ya ganin komai sai haske da duhu, tunaninsa ma yana zuwa yana tafiya. Shekara uku ke nan yana wurinta, ita ke ba shi abinci, ita ke ba shi magani.

"Tun ina ƙarama," in ji ta, "in na dawo daga makaranta sai ya tare ƙofa da shi ya ce, Tsaya, wa ke nan? In ce, Ni ce, Baba. Ya ce, Wuce, Uwata. Uwata yake kirana. Ko da ya fara mantuwa, wannan bai manta ba. To ni so na yi in faranta masa, in mayar masa da shi sabo. Ina miƙa masa ya riƙe, ya ɗan jujjuya, sai ya ce wannan ba nasa ba ne. Ya ce na sayar da nasa na kawo masa na bogi."

"Yaushe ke nan?"

"Yau kwana tara. Tun ranar bai ƙara cewa Uwata ba. Ba ya karɓar magani a hannuna, sai na kira maƙwabciyarmu ta ba shi. In na shiga ɗakin sai ya juya fuska bango." Ta share ido da bayan hannu, allin ya shafi kuncinta. "Yayana ya ce in abin ya ci gaba haka, ƙarshen wata zai zo ya ɗauke shi ya koma da shi can garin da yake aiki. Ni ba tafiyar ce ma ta fi damuna ba, Malam. Ba na so ya tafi yana ganina ɓarauniya."

Na tambaye ta ko akwai hotuna. Ta fito da guda huɗu daga jaka, tsofaffi, gefensu duk ya lanƙwashe. Ga mutum nan dogo, ƙirji a buɗe, riƙe da takobin a gicciye, yana muzurai kamar da gaske akwai abokan gaba a bayan labule. A hoto ɗaya takobin ya fito sosai, ana ganin inda tsatsar ta yi duhu kusa da mariƙi da inda ta yi ja-ja wajen tsini. Na ce ta ba ni mako guda.

Abin da na fara yi shi ne kwance dunƙulen da ke ƙarshen mariƙin, don na san ruwa ya shiga. Mariƙin bututu ne, cikinsa rami. Ina buɗewa kuwa wari ya buge ni. Ruwan sabulu ya haɗu da ƙurar shekara da shekaru da tsohon gam, sun zama wani baƙin kunu mai danƙo. Na sa waya na dinga ƙwaƙulo shi. Can ƙasa wayar ta taɓo wani abu mai tauri da ya manne a jikin bututun. Na zaro shi, na goge a tsumma, sai ga wani ɗan jan maɓalli mai huda biyu. Ban ko tsaya tunani ba na jefa shi a gwangwani. Na wanke bututun, na kife shi a taga ya sha iska kwana biyu.

A cikin kwanakin nan ne matata ta lura wata rigata ta rasa maɓalli, ta cusa min ita a leda ta ce tunda maƙwabcina tela ne ba ni da hujjar yawo kamar maraya. Na jefa wa Tela ita ta saman katanga. Da yamma ya jefo min ita ta hanyar da ta je.

Ɗora tsufa a kan abu ya fi cire shi wahala, wannan duk mai aikinmu ya sani. Sai da na bi ruwan takobin da samfefa mai laushi na kashe zanen soson ƙarfen. Na shafa baƙin fenti tsararo, na goge kafin ya bushe, ya zauna a cikin ƙananan ramuka kawai. Na bar shi ya kwana. Washegari na ɗora ruwan ƙasa da guntun soso, ina dangwalawa, ina duban hoton, ina dangwalawa. Sannan ja kaɗan, sannan wani ruwan toka a bakin kaifin da ba kaifi ba. Sau biyu ina wanke duka in sake daga farko, domin ya fito da kyau fiye da kima, kuma wanda ya yi na asalin ba mai son kyau ba ne, mai sauri ne. A hoton ana ganin inda hannunsa ya zame ya bar wani ɗigo kusa da ƙarfen da ke kare hannu. Shi ma ɗigon na mayar da shi.

Fatar mariƙin ta fi ba ni tausayi. Sabulu ya cinye mata duk maiƙon hannun mutumin, ta bushe ta yi fari. Na narka kakin zuma na haɗa da garin gawayi kaɗan, na dinga murza mata da tafin hannuna har ya yi zafi. A nan na ji wani ɗan lotsawa a gefe, daidai inda babban yatsa ke zama. Na sa nawa yatsan a wurin, ya yi min yawa, mai shi ya fi ni girman hannu. Ban taɓa ganin tsohon nan ba, amma a lokacin na ji ina sonsa.

Ranar Litinin na ɗaure dunƙulen, na ɗaga takobin kusa da kunnena na girgiza sau uku. Shiru. Na ce madalla.

Tela ya leƙo ya dube shi ya dubi hoton. "Janar, wallahi ka iya lalata abu," ya ce. "Matar nan ta kawo shi fes, ka mayar da shi kamar an tono daga bola."

"Yabo ne wannan, ko ba ka sani ba."

Da Malama ta zo ta gan shi sai ta rufe baki da hannu. Ta ce shi ne, wallahi shi ne. Amma ta roƙe ni in bi ta gida in miƙa masa da kaina, don komai ya fito daga hannunta yanzu ba ya karɓa. Ni ba na zuwa gidan mutane, aikina a tebur yake ƙarewa. Na buɗe baki zan ce a'a, na tuna yadda na sa ta kuka ranar farko, sai na ɗauko makullin shago.

Gidan bene ne, suna hawa na biyu. Ɗakin tsohon na kallon titi, akwai gado, da kujera mai hannu a bakin taga, da rediyo a kan wani ɗan tebur kusa da kwalaben magani da aka jera bisa tsayi. A bango, saitin kujerar, ga ƙusoshi biyu da wani dogon wuri da fentinsa ya fi na sauran bangon haske. Yana zaune a kujerar, ya rame, amma kafaɗun hoton nan suna nan. Da ya ji takun 'yarsa sai ya kawar da kai wajen taga.

Na yi sallama na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambaye ni gida da iyali.

"Baba, ni mai gyaran takubba ne," na ce. "Naka ne ya zo hannuna, na kawo maka."

Ya miƙo hannu biyu. Na ɗora masa. Ya bi ruwan da yatsu a hankali tun daga tsini, yana jin gurjin fentin. Ya kai mariƙin hanci ya shinshina. Sannan ya damƙe shi, babban yatsansa ya faɗa cikin lotsawar nan kamar ƙafa a tsohon takalmi. Fuskarsa ta saki. Na waiga na ga Malama a bakin ƙofa ta haɗa hannu a ƙirji, ni kuwa har na fara shirya irin godiyar da zan karɓa.

Sai ya ɗaga takobin ya girgiza. Ya karkata kai ya saurara. Ya sake girgizawa da ƙarfi, ya kawo shi dab da kunnensa. Ina kallo hasken da ke fuskarsa ya dushe.

Ya miƙo min shi da ladabi. "Aiki ya yi kyau, ɗana. Wanda ya yi wannan ya iya hannunsa. Amma ba nawa ba ne." Ya juya wajen taga. "Nawa yana magana."

Muka fito. A kan matakala ta zauna ta kifa kai a gwiwa. Ni kuma na tsaya da takobi a hannu kamar wawa.

"Malama, me yake nufi da yana magana?"

"Ban sani ba," ta ce ba ta ɗago ba. Can sai ta ɗago. "Da dai yana ɗan yin wata ƙara in an motsa shi, kas-kas haka. Tun ina yarinya yake yi. Na ɗauka wani abu ne ya kwance saboda tsufa."

"Bayan kin wanke fa? Ya ci gaba da yi?"

Ta ɗan yi tunani. "A'a. Ya daina. Har na ji daɗi, na ce wankin ya gyara shi."

Sai a lokacin na gane. Ashe tun farko ba ƙyallin ne ya dame shi ba, mutumin da ba ya gani ina ruwansa da ƙyalli. Ruwan sabulu ne ya manne abin da ke ƙarar a cikin bututu, ni kuma gwani na zo na ƙwaƙule shi na jefar, na girgiza sau uku na yaba wa kaina. Ita ta yi kuskure don ba ta sani ba. Ni da na yi mata tsawa, da sanina da shekara ashirin da biyuna na ƙarasa ɓarnar.

"Ki jira ni," na ce. "Kada ki je ko'ina."

Rabona da gudu tun ina saurayi, amma ranar na yi. Na buɗe shago na juye gwangwanin a kan tebur. Notuna suka gangara ƙasa, ƙusoshi, tsakuwa, wani guntun sarƙa. Na baza su da hannu sau uku. Babu jan maɓalli.

Na daki katanga da ƙarfin da sai da wani takobi ya faɗo daga bango. "Tela! Fito nan!"

Ya shigo da tef a wuya da allura a baki. "Lafiya, Janar? An kawo hari ne?"

"Wani jan maɓalli a gwangwanin nan, ƙarami, mai huda biyu. Kai ka ɗauka?"

"Ni na ɗauka."

"Ina ka kai shi? Wa ka ɗinka wa? Wallahi in ka sa a rigar wani ya tafi da shi, yau sai ka rufe shago mun bi gari gida-gida!"

Ya cire allurar daga bakinsa a natse, ya dube ni daga sama har ƙasa. "Zaro rigarka daga wando."

"Ba wasa nake ba!"

"Ni ma ba wasa nake ba. Zaro."

Na zaro. Can ƙasa, maɓalli na ƙarshe, wanda kullum yake ɓoye a cikin wando, ga shi nan ja a cikin farare. Da shi na hau benen, da shi na durƙusa a gaban tsohon, yana manne a cikina duk lokacin da yake girgiza takobi yana saurare.

"Ba ni da fari irin naka, shi ne na sa a inda ba mai gani," in ji Tela. "Ai irin na rigar makarantar yara ne na da, yanzu ba a yin su. Me ya faru ne?"

Na karɓi almakashinsa na yanke zaren, na tsince sauran da ke cikin hudojin, na wanke maɓallin na goge shi sosai. Na kwance dunƙulen na jefa shi ciki na ɗaure. Na ɗaga kusa da kunne. Kas-kas. Duk jikina ya ce min aiki bai ƙare ba, a sake kwancewa. Na ce wa jikina ya yi min shiru.

Na tarar da ita a inda na bar ta a matakala. Na girgiza mata takobin sau ɗaya, ta zabura ta miƙe. Na gaya mata abin da na yi, ban rage komai ba, na ce ta yafe min faɗan ranar nan. Ta tambaye ni wane irin abu ne a ciki. Na ce maɓalli ne, ja. Ta ce ita ba ta san da wani maɓalli ba.

A bakin ƙofar ɗakin ta ja baya don in wuce. Na miƙa mata takobin.

"Ba zai karɓa ba, Malam."

"Ke kika kawo shi wurina, ke za ki mayar. Ki dai girgiza shi kafin ki yi magana."

Ta shiga a hankali. Tsohon ya ji takunta ya kawar da kai kamar ɗazu. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta girgiza takobin. Kas-kas.

Kansa ya juyo da sauri. Ya miƙo hannu biyu, bakinsa a buɗe. Ta durƙusa ta ɗora masa. Ya girgiza, ya saurara, ya sake girgizawa, sai ya fashe da wata dariya da ba ta da ƙarfi, ya rungume takobin a ƙirji.

"Ga ta nan," ya ce. "Ga ta nan ciki."

Ya juyo wajen da nake tsaye. "Ɗana, kana nan? Ka san mene ne wannan? Za mu tafi yawon wasa ne, gari-gari, wata biyu. 'Yata tana shekara biyar, ta yi ta kuka wai sai ta bi ni. Da ta ga ba hali, sai ta cizge maɓallin rigar makarantarta, ta sa na kwance mata nan, ta jefa a ciki. Ta ce, To Baba, ga ni nan na shiga, duk inda ka je da ni za ka." Ya share ido da gefen hannu. "Uwarta ta yi mata faɗa a kan rigar. Darakta kuwa shekara goma sha huɗu yana min masifa, wai takobin mai gadi yana ƙara ana ji har kujerun gaba. Na ce masa in dai da ni za a yi wasan, to da ƙarar za a yi."

Malama tana durƙushe a gabansa, hawaye ya wanke mata fuska. Ba ta tuna ba, na gani a idonta. Shekara talatin da biyar yana ɗauke da abin, ita da ta ba shi ta manta tun tuni.

Ya laluba da hannu ɗaya har ya taɓa kanta. Ya bi goshinta da kuncinta da yatsu, yadda ya bi takobin ɗazu.

"Na ce kin sayar, ko?"

"Ka ce, Baba."

"Ban ji ki a ciki ba ne. Na girgiza na girgiza ban ji ki ba, sai tsoro ya kama ni." Ya riƙe kuncinta. "Ki yafe wa tsohonki."

Ta kifa kai a gwiwarsa. Ni kuma na sami wani abu mai muhimmanci da zan duba a jikin rediyo.

Da ta ɗago ta dubi agogo ta ce lokacin magani ya wuce, bari ta ɗebo ruwa a kicin. Ba ta ce za ta kira maƙwabciya ba, shi ma bai ce a kira ba. Na yi masa sallama, ya sa min albarka har da iyalina da bai sani ba, na fito na bar ƙofar gidan a buɗe kaɗan.

Na sauka matakala uku ina ƙoƙarin cusa rigata a wando, ƙasanta na buɗewa saboda babu maɓalli, sai na ji ƙarar kujera, na ji kas-kas. Sannan wata murya da ban san tana cikin ƙirjin tsohon nan ba ta cika benen, irin wadda ake ji har kujerun baya.

"Tsaya! Wa ke nan?"

Na tsaya cak, ni ma. Na ji takunta daga kicin ya tsaya, da ƙarar kofi a kan faranti.

"Ni ce, Baba."

"Wuce, Uwata."